Yadda Inji Ya Koyi Jin Motsi: Daga Masaƙun Bompai Zuwa Wayar Aljihu

Idan ka kwantar da wayarka a gicciye kana kallon bidiyo, hoton yakan juya da kansa ya cika fuskar wayar. Idan ka wuce ta gaban wani gida da daddare, fitilar solar da ke kan katanga takan ƙara haske kamar ta gan ka. Yawancinmu muna ɗaukar wannan a matsayin sabon abu, kayan zamanin intanet. Alhali na'urar da ke jin motsi, wadda masu gyara ke kira sensa, ta riga wayar salula zuwa Kano da kusan shekara hamsin. Ta ƙofar masaƙa ta shigo, kuma aikinta na farko shi ne gadin zare guda ɗaya tak.

Bari mu fara da masaƙin gargajiya, domin a wurinsa matsalar ta fi fitowa fili. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya iso Kano a 1851, saƙa da rini suna cikin abubuwan da suka fi ɗaukar hankalinsa. Ya ƙiyasta cewa tufafin Kano da ake kaiwa Timbuktu kaɗai sun kai kayan raƙumi 300 a shekara. Duk da hannu aka saƙa su. Masaƙi yana zaune, ƙafa tana takawa, hannu yana jefa ƙoshiya dama da hagu. In zare ya tsinke, ko ya ƙare a kwarkwaro, babu wanda zai gaya masa. Hannu ya ji ƙoshiya ta yi sakayau, ido ya ga gurbi, ƙafa ta tsaya. Mutum ɗaya ne ke ba da ƙarfi, shi ke lura, shi ke taka birki.

Da Turawan Ingila suka ɗora saƙa a kan injin tururi, sai aka raba waɗannan ayyuka uku. Ƙarfi ya koma wurin inji, amma injin ba shi da ido ba shi da kunne. Zare zai ƙare, ƙoshiya ta ci gaba da kai da komo fayau, injin yana ta bugawa yana naɗe yadi mai gurbi a tsakiya. Kafin ma'aikaci ya ankara an yi ɓarna. Dole kowane inji a sa masa mutum ya zuba masa ido, ka ga ribar injin ta ragu ke nan.

Maganin da aka samo a Lancashire yana da ban sha'awa saboda sauƙinsa. A 1841, William Kenworthy da James Bullough na garin Blackburn suka yi rajistar wani ɗan ƙarfe mai kama da cokali mai yatsu, wanda ake kafawa a gefen masaƙa. Duk lokacin da ƙoshiya ta wuce, takan bar zarenta a shimfiɗe a gaban yatsun. Da injin ya zo bugawa, sai zaren ya ture yatsun, ƙarfen ya karkata, wutsiyarsa mai ƙugiya ta ɗaga sama. A daidai wannan lokaci akwai wata 'yar guduma da ke wucewa ta ƙarƙashin wutsiyar. In wutsiyar tana sama, gudumar ta wuce salin alin. In kuwa babu zare, babu abin da zai ture yatsun, wutsiya tana ƙasa, sai gudumar ta kama ƙugiyar ta fizge ta, wannan fizga ita ke buge hannun kunna injin ya mutu. Ba lantarki, ba batir, ba kwamfuta. Kuma wannan ɗan ƙarfe yana yin tambayarsa, "zare ya wuce ko bai wuce ba?", sau da yawa a kowane minti, bai taɓa gyangyaɗi ba.

Saura zaren tsaye, wanda ya fi wahala tunda dubbai ne a jere. Dabarar da ta zauna ita ce a rataya wa kowane zare ɗan siririn ƙarfe nasa. Muddin zaren yana miƙe, ƙarfen yana rataye. Da ya tsinke sai ƙarfen ya faɗo ya tare wata sanda da ke kai da komo a ƙasa, ko kuma, a injinan baya-bayan nan, ya haɗa wayoyi biyu na lantarki, injin ya tsaya. Masaƙar Northrop, wadda kamfanin Draper na Amurka ya fito da ita a tsakiyar shekarun 1890, ta haɗa wannan da wata dabarar ta sauya kwarkwaro da kanta. Sakamakon haka mutum ɗaya ya koma kula da inji goma sha shida ko fiye.

A Japan, Sakichi Toyoda ya kama wannan tunani ya mai da shi aƙida: inji ya san lokacin da ya kamata ya tsaya. Masaƙarsa samfurin G ta 1924 ta yi suna har kamfanin Platt Brothers na Oldham a Ingila ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1929 a kan fam 100,000. Ɗansa Kiichiro ne ya karkata harkar gidan zuwa mota, aka kafa kamfanin Toyota a 1937. Saboda haka duk Hiace ɗin da ka gani tana lodi a tashar Unguwa Uku, kakarta masaƙa ce mai jin tsinkewar zare.

Shigowarta Kano

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya buɗe hanyar fitar da gyaɗa da fata da auduga, ya kuma buɗe hanyar shigo da manyan ƙarafa. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e ta Kano ta samar da ruwan famfo da wutar lantarki daga bakin kogin Challawa. Waɗannan biyu, dogo da wuta, su ne suka sa masana'anta ta yiwu. A farkon shekarun 1950 'yan kasuwar Kano suka haɗa jari a kamfanin Kano Citizens Trading Company suka kafa masaƙa a Gwammaja. Bompai kuma, a gabashin birni kusa da layin dogo, ta zama unguwar masana'antu ta farko: matsar gyaɗa, sabulu, turare, alewa, jima, saƙa, har da haɗa kekunan Raleigh. A Kaduna, a 1957, gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe Kaduna Textiles tare da kamfanin David Whitehead na Lancashire, wato daga ainihin yankin da aka ƙirƙiro cokalin zaren.

A wancan lokaci galibin masaƙun inji da ake sayarwa suna ɗauke da wannan cokali. To ka ga ke nan sensa ta farko da ma'aikacin Kano ya saba da ita ƙarfe ce da yake iya gani da idonsa, ya taɓa, ya lanƙwasa, ya goge. Wannan yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya. Fita, wato makanikin masaƙa, yana iya gyara ta da filaya da ɗan mai. In ta karye, maƙeri ko mai walda zai iya kwaikwayonta. Ilimin na'urar gaba ɗayansa yana cikin ɗakin, a hannun mutanen da ke aiki da ita.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, sai ga kuɗin man fetur na shekarun 1970, ga dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977. Bompai ta cika. Aka yanka Sharada kashi-kashi, ta ɗaya da ta biyu da ta uku, sannan Challawa a wajen Panshekara, inda majemu suka taru saboda kusancin ruwa. Sunaye irin su Gaskiya Textile da Bagauda Textile suka zama sanannu a gari, daga baya ga African Textile Manufacturers a Challawa, ga kamfanin lemon kwalba na Nigerian Bottling Company shi ma a Challawa, ga kamfanonin roba da leda birjik a Sharada. Injinan da aka shigo da su a wannan zango sun zo da wani sabon nau'in ido, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa.

Iri biyu ne suka fi yawa. Na farko ido ne na haske. Fitila a gefe guda, ma'aunin haske a ɗaya gefen, duk abin da ya gifta ya yanke hasken an san da wucewarsa. Tun 1931 aka sa irinsa a ƙofar wani gidan abinci a jihar Connecticut ta Amurka, don ƙofa ta buɗe wa masu ɗauke da faranti. A layin cika kwalba, irin wannan ido shi ke ƙirga kwalabe, shi ke gane cewa sun cunkushe a kan bel, shi ke cewa a dakata da turowa. Wani injiniya Bajamushe, Erwin Sick, ya yi amfani da irin wannan ido ya yi abin da ake kira labulen haske, ya nuna shi a baje kolin injina na Hanover a 1952. Labule ne da ba a gani, a bakin injin da ke matsa ƙarfe ko yanka. Hannu ya ratsa shi, injin ya tsaya kafin ya sauko.

Na biyu shi ne mai jin kusantowar ƙarfe. Labarinsa ya faro ne a 1958 a Mannheim, inda kamfanin Pepperl+Fuchs ya ƙera shi saboda masana'antar sinadarai da ke neman makunnin da ba ya tartsatsi, tunda a wurinsu tartsatsi ɗaya gobara ce. A cikinsa akwai naɗin waya da ke fitar da filin maganaɗisu mai kaɗawa da sauri. In ƙarfe ya matso kusa, tazarar 'yan milimitoci, sai ya shanye wani ɓangare na ƙarfin filin, na'urar ta ji raguwar ta ba da sigina. Ka kafa shi kusa da haƙoran giya, kowane haƙori ya wuce ya ƙirga, ka san gudun injin ke nan. Ka kafa shi a ƙofar injin buga roba, irin wanda ke fitar da buta da bokiti da kujera, injin ba zai haɗe bakinsa ba sai ya tabbatar ƙofa a rufe take. Wanda ya san cewa bakin irin wannan inji yana matsewa da ƙarfin tan ɗari ko ɗaruruwa, ya san abin da wannan ɗan abu mai tsawon yatsa yake karewa.

Ita ma masaƙa ta canza. Kamfanin Sulzer na Suwizalan ya fara sayar da masaƙa marar ƙoshiya a 1953, daga baya aka samu masu tura zare da iska. A irin wannan gudu cokalin Bullough ba zai iya bi ba. Sai aka koma ratsa zaren ta cikin wani ɗan zobe na tangaran da ke manne da lu'ulu'un da ke fitar da lantarki in an girgiza shi, halin da 'yan'uwan nan biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, suka gano a 1880. Zare yana gudu yana gogar zoben, zoben yana rawa, lantarki yana fita. Zare ya tsaya, shiru. Lura da bambancin: cokali yana tambaya ne ko zare yana nan, zoben kuwa yana tambaya ko zaren yana tafiya. Nan ne aka shiga jin motsi na haƙiƙa.

Dairek

Sabon idon ya fi tsohon sauri da daidaito nesa ba kusa ba, sai dai a rufe yake ruf cikin roba ko ƙarfe. In ya mutu ba a buɗe shi, sauya shi ake yi, kuma daga Jamus ko Italiya ko Japan yake zuwa. Muddin naira tana da ƙarfi wannan ba damuwa ba ce. Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu na SAP aka karya darajar naira, kowane ɗan ƙaramin kayan gyara ya zama maganar canjin kuɗi. Ga wutar NEPA da ke zuwa ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi fiye da kima. Ƙarfe bai damu da hawa da saukar wuta ba, amma na'urar da aka gina don ta sha bolt 24 cif tana jin jiki duk lokacin da aka juya daga NEPA zuwa janareta.

Sannan ga yanayinmu. Ido na haske abokin gabarsa ƙura ce, mu kuwa muna da wata uku zuwa huɗu na hunturu, ga ɓurɓushin auduga da ke yawo a ɗakin kaɗi da saƙa. Ƙura ta rufe gilashin, ido ya ɗauka an yanke haske, inji ya tsaya ba dalili. A majema kuma laima ce da sinadarai masu cin ƙarfe, suna shiga mahaɗar wayoyi a hankali.

To me ake yi in sensa ta fara tsayar da inji sau goma a awa ɗaya, ga oda tana jira, ga dizal yana ƙonewa, ga sabuwar sensa sai an yi makonni kafin ta iso? Duk mai gyaran lantarki ya san amsar. A cire wayoyinta biyu a haɗe su, inji ya ɗauka kullum lafiya lau. Shi ne ake cewa an yi mata dairek. Kada mai karatu ya ɗauka halin mutanenmu ne kaɗai. Wani bincike da hukumomin inshorar haɗarin aiki na Jamus suka fitar a 2006 ya gano cewa kimanin kashi ɗaya cikin uku na na'urorin kariya a injinan da aka duba ana kashe su, ko dindindin ko lokaci-lokaci. A Jamus ke nan, inda kayan gyara ke isowa washegari.

A ganinmu, a nan ne ya kamata a raba sensa gida biyu, domin mutane kan haɗa su a kwando ɗaya. In ka yi wa mai gadin zare dairek, abin da za ka yi asara yadi ne. In ka yi wa mai gadin ƙofar injin roba dairek, ko waya mai tsayar da injin fere fata, abin da ke kan faranti hannun mutum ne, galibi saurayi ɗan kwantiragi da ke aikin dare, ya sa hannu ya ciro abin da ya maƙale. Dokar masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta wajabta killace duk wani sashe na inji mai haɗari, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta tanadi asusu a ƙarƙashin hukumar NSITF. Amma killacewar da aka yi da sensa tana da wani rauni da shingen ƙarfe ba shi da shi: in an cire shinge kowa zai gani, in an yi dairek kuwa injin yana nan kamar yadda yake jiya, har fitilarsa kore tana ci.

Abin da ya biyo baya sananne ne. An sassauta hana shigo da yadi a 1997, atamfa da shadda na waje suka cika Kantin Kwari, masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Katafariyar masaƙar UNTL ta Kaduna ma ta rufe a 2007. Injina da yawa sun ƙare a hannun 'yan gwangwan, an sayar da su a kan kilo. Tare da su aka rasa fitoci da masu lantarkin da suka san waɗannan na'urori ciki da waje, kuma wannan asarar ba ta cika shiga lissafi ba.

Ta fita ta ƙofar masaƙa, ta dawo ta kasuwa

A daidai shekarun da Bompai da Sharada ke yin shiru, sensa tana shirin dawowa Kano ta wata hanya dabam, a hannun kowa da kowa.

Ɗauki fitilar solar nan mai farar ƙwallon roba a ƙasanta. Asalin iliminta ya koma 1800, lokacin da William Herschel ya raba hasken rana da gilashi ya sa ma'aunin zafi a gefen jan launi, inda ido ba ya ganin komai, ya tarar wurin ya fi zafi. Hasken ɗumi ke nan, wanda ake kira infirared. Jikin ɗan Adam yana fitar da shi dare da rana. A bayan farar ƙwallon akwai 'yan ƙananan ma'aunai biyu a jere, an haɗa su ta yadda in ɗumin da ke faɗa musu daidai yake, sai su soke juna. Ita kuma ƙwallon an yanka ta gida-gida, kowane gida yana kallon wani yanki na tsakar gida. In mutum yana tafiya, ɗuminsa yakan faɗa kan ma'auni ɗaya kafin ɗayan, wannan bambancin shi ke kunna fitila.

Daga wannan bayani za ka iya fahimtar halayenta da ke ba mutane haushi. Ka zauna shiru a ƙarƙashinta, ta mutu, domin canji take ji, zama ba ya dame ta. Ka nufo ta kai tsaye, sai ka zo kusa take farkawa, amma ka gifta ta gefe tun daga nesa ta kama ka. Akuya ko mage ma suna tashinta. Abin da ya fi shafar mu shi ne zafi. Fatar mutum tana wajen digiri 33, a watan Afrilu kuwa zafin Kano yakan kai 40 da rana, katanga da siminti su kwana suna fitar da abin da suka sha. In bango da mutum sun kusa zama ɗaya a ɗumi, na'urar ba ta da abin da za ta bambance. Shi ya sa fitilar da ke hango mutum daga nesa a watan Janairu takan zama kamar mai hakiya a bazara. Masu tsada suna da dabarar ƙara ji in gari ya yi zafi, masu araha galibi ba su da ita. Wanda ke son gadin sito ko shago ya fi kyau ya nemi wadda ta haɗa ɗumi da rada, wato mai aika igiyar rediyo ta saurari yadda ta dawo. In abu yana motsi, amsar takan dawo da ɗan sauyi, bisa ƙa'idar da Christian Doppler ya bayyana a 1842. Ita ce dalilin da ya sa jiniya ke sauya murya in motar ta wuce ka. Ita rada zafi bai dame ta ba, illarta ita ce tana ratsa siririn bango ta jiyo mai wucewa a waje.

Ta cikin waya kuwa labarinta ya bi ta mota. Jakar iskar da ke fashewa ta tare direba tana bukatar abin da zai gane karo cikin ƙiftawar ido. Da farko ƙwallon ƙarfe ake amfani da shi, maganaɗisu ya riƙe shi, sai tsananin karo ya fizge shi ya haɗa waya. Masu bincike a jami'ar Stanford, Roylance da Angell, sun nuna a 1979 cewa ana iya sassaƙa ma'aunin zabura a kan silikon, abin da ake yin ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi. A 1991 kamfanin Analog Devices ya sanar da ADXL50, ya fara ƙera shi da yawa a 1993. A Jamus kuma injiniyoyin Bosch, Franz Laermer da Andrea Urban, suka fito da hanyar haƙa ramuka masu zurfi da tsayayyen bango a cikin silikon, wadda ta zama ginshiƙin wannan sana'a.

Me ke cikinsa? Wani ɗan nauyi ne da ido ba ya iya gani sosai, a rataye da sifirin na silikon da suka fi gashin kai siranta. Gefensa yana da haƙora kamar matsefi, an saƙala su tsakanin haƙoran wani matsefin da ba ya motsi, ba tare da sun taɓa juna ba. In ka zaburar da wayar, nauyin yakan ɗan yi jinkiri a baya, kamar yadda fasinjan Adaidaita Sahu ke komawa baya in direba ya fizgi babur. Tazarar da ke tsakanin haƙoran ta canza, yawan cajin da suke iya riƙewa ya canza, a auna. Kuma tunda ƙasa kullum tana jan komai, ko wayar tana ajiye nauyin yana ɗan rinjaya zuwa ƙasa, ta haka wayar ta san ina ne ƙasa ina ne sama. Sirrin juyawar hoto ke nan. Idan ka duba da kyau, jikan cokalin Bullough ne, abu mai motsi da ke ba da labari ta hanyar karkata, sai dai an ƙanƙantar da shi har ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta.

Da motoci suka saye shi miliyoyi farashinsa ya faɗi. IBM ta sa shi a kwamfutocin ThinkPad a 2003 don su ji in suna faɗuwa su kare ma'ajiyarsu. Nintendo ta sa shi a abin wasan Wii a 2006, iPhone ta zo da shi a 2007, a 2010 aka ƙara mata mai jin juyawa, wato jairoskof. Najeriya ta shiga zamanin GSM a 2001, yau kuwa da wuya ka ɗauki wayar Android a kasuwar Farm Centre, Tecno ce ko Infinix ko itel, ka tarar babu ma'aunin zabura a cikinta. Shi ke ƙirga takunka. Shi ke taimaka wa manhajar alƙibla ta gyara lissafinta in ka karkatar da wayar, tare da ma'aunin maganaɗisu a wayoyin da ke da shi. Tun 2020 Google ke tara bayanan irinsa daga ɗimbin wayoyi don gano girgizar ƙasa. Danginsa ne kuma ke cikin ƙararrawar babur da ke ihu in an taɓa shi.

Yanzu sai ga wani juyi. Abin da aka arahantar saboda waya yana komawa masana'anta. Kowane inji mai juyawa yana da irin rawarsa, kuma boris da ya fara cinyewa yakan sauya wannan rawa makonni kafin ya kama. Tsofaffin fitoci sun san haka, shi ya sa za ka ga ɗayansu ya ɗora bakin sukundireba a jikin mota ya kara ƙotar a kunne. A da, na'urar auna wannan rawa kayan manyan kamfanoni ce. Yau ma'aunin zabura irin na waya, da ɗan allon kwamfuta mai girman akwatin ashana, sun isa ɗalibin sashen mekatironiks na Jami'ar Bayero ya haɗa abin da zai manna a jikin famfo ko injin niƙa, ya riƙa aiko da saƙo in rawar ta canza. Irin na waya ba ya jin rawa mai tsananin sauri kamar na lu'ulu'u, don haka ba zai kama farkon lalacewar kowane boris ba. Amma yana kama rashin daidaito, da sakin noti, da karkacewar shaf, waɗanda suna cikin abubuwan da ke kashe motocin lantarki a ƙananan masana'antu.

Lissafin kuɗin ma ya canza. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A zuwa naira 225 a kan kowane yunit, daga ƙasa da 70, kuma unguwannin masana'antu suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. A irin wannan farashi, bel da ke juyawa babu kaya a kansa, ko fitilun sito da ke ci babu kowa a ciki, kuɗi ne ke zuba kowane minti. Ido ɗaya na haske a bakin bel ya isa ya kashe motar in kaya sun yanke, ya tashe ta in sun dawo. Sharaɗinsa dai shi ne wanda aka sani tun zamanin masaƙu: daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a sa wa wani aikin goge gilashinsa kowace safiya da busasshen ƙyalle, a kuma ajiye guda ɗaya sabo a sito kafin na jikin injin ya mutu.